Shekarar da Ƙuma Ta Kore Mu Daga Ɗakunanmu

Gidanmu babban gida ne na gandu a wani ƙauye na ƙasar Ringim, ba nisa da kogi. Akwai sashen Inna, mahaifiyar maigidana, akwai namu, akwai na ƙaninsa da matarsa, sai wani ɗaki a lungu da muka mayar ma'ajiyar shanshera da gero. Tun da aka kawo ni gidan na tarar da mage, kuma kowa ya san ta Inna ce. In Inna ta dama fura sai ta rage mata nono a murfin kwano, in an yanka kaza ita ke da hanji. Ba a banza take ci ba. Duk wanda ya taɓa jibge buhunan shinkafa a ɗakin ƙasa ya san ɓarnar ɓera da gafiya, mu kuwa shekara da shekaru ba mu san buhu mai huda ba.

Daminar 2022 ba sai na ba mutumin Jigawa labarinta ba. Ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga Ringim har ƙasar Hadeja, jama'a suka koma makarantu da bakin titi. Mu Allah ya tsare, katanga ɗaya ce kawai ta zube. Amma danshi ya hau bango har gwiwa, daɓen ɗakuna ya ƙi bushewa, ko tabarma ka ɗaga sai ka ji warin ƙasa. A cikin wannan hali magen ta haihu a ƙarƙashin gadon Inna, bayan kwallaye, a kan buzun marigayi Malam, mijin Inna, wanda take naɗewa ta ajiye a wurin tun rasuwarsa.

Yara ne suka fara. Ƙananan ƙuraje jajaye a idon sawu da ƙwauri, uku-uku ko huɗu-huɗu kusa da juna, kowanne da ɗigo a tsakiya. Sauro muka fara zargi tunda damina ce, sai dai muna kwana cikin gidan sauro, kuma sauro ba ya zaɓen ƙafa ya ƙyale fuska. Facalata ta ce kuɗin cizo ne. Muka fito da katifu, muka bi ɗinki da cocila, muka duba mahaɗar gado, ko ɗaya. Mai kemis ya ce ƙazuwa ce, ya ba da man shafawa. Ƙaiƙayin kuwa irin mai hana barci ne. Yara su sosa har ya fashe ya yi ruwa, ƙuda na bi. Autata tana rarrafe a lokacin, ita har ciki da gadon baya.

Ranar da na gane abin, la'asar nake yi a ɗakin Inna da farin hijabi. Ina zaman tahiya na ga wasu baƙaƙen ɗigo a gefen hijabin, ba su kai ƙwayar riɗi ba, suna motsi. Ina sallamewa na kai yatsa, abin ya ɓace. Ban ga tashinsa ba, ban ga gudunsa ba. Na jiƙa yatsa da miyau na danne wani, na murza shi da ƙarfi tsakanin yatsu biyu, na buɗe, ya yi tsalle ya tafi abinsa lafiya lau.

Inna tana kan gado tana jan carbi, ta ce, "Ƙuma ce, 'yar nan. Ba a murje ta, tsakanin farce biyu ake fasa ta."

Ta kama ɗaya ta nuna mini, na ji ƙas. Na san ƙumar kaji, wadda ke manne wa kaza a kewayen ido ta zauna wuri ɗaya. Wannan ba ta zama. Na durƙusa na jawo ɗaya daga cikin 'ya'yan magen, na juya cikinsa, sai da tsigar jikina ta tashi. Suna ta kai-komo cikin gashi, suna nutsewa suna ɓullowa.

Abin da ya fi cizon ciwo a wurina maganar mutane ce. Mahaifiyar facalata ta zo duba 'yarta, ta ga ƙafafun jikokinta, ta ce a gabana wai ita ba ta taɓa ganin ƙuma a gidan masu tsabta ba. Gidan da ake sharewa safe da yamma! Maigida shi damuwarsa daban. Rigunansa farare duk sun yi ɗige-ɗigen jini, ya je ya tambayi liman ko sallarsa tana yi. Liman ya ce masa ai wannan mas'ala tana cikin Risala, jinin ƙuma ba dole a wanke shi ba sai in ya yi yawa ya munana. Da ya dawo ya faɗa mana, Inna ta ce to kun gani, tun zamanin malaman farko ana fama da ita, ba a kan magenta aka fara ba.

Ƙanin maigida bai saurari wannan ba. Ranar kasuwar Gujungu, Inna ta tafi ta'aziyya wani ƙauye, ya kama magen ya cusa a buhu, ya ɗaure a bayan mashin, ya je can gaba da kasuwa ya sake ta. 'Ya'yan uku ya raba wa yaran maƙwabta. Da Inna ta dawo ta tarar, ba ta yi faɗa da ƙarfi ba, ita ba mai ɗaga murya ba ce. Ta kira shi ta ce, "Matar da ta shiga wuta saboda mage, ba a karanta maka ita a makarantar allo ba?"

Ya ce, "Inna, ai ita ɗaure ta ta yi ta hana ta abinci. Ni sakin ta na yi."

Ta ce, "Mai shayarwa ka raba da 'ya'yanta. Tashi ka ba ni wuri."

Biyu daga cikin 'ya'yan ba su yi kwana nawa ba suka mutu. Ɗayar ta faɗa hannun wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai saniya, ta riƙa ba ta madara da cokali, ta rayu. Uwar kuwa har yau ba mu sake ganin ta ba. Masu cewa mage ko ina aka kai ta sai ta dawo gida, tamu dai ba ta dawo ba.

Aka ce a rufe ɗakin Inna, yunwa ta kashe sauran ƙumar. Inna ta dawo ɗakina da carbinta da butarta. Bayan kamar mako biyu ta aiki babbar 'yata ta ɗauko mata zani. Yarinyar ta shiga, ba ta fi ƙiftawar ido ba muka ji ihu. Ta fito da gudu tana buga ƙafa a ƙasa, daga idon sawu zuwa gwiwa baƙi ƙirin. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Da can mage ce ke ɗauke mana yawancin cizon, yanzu babu ita, mu ne abincin. Suka bazu har ɗakina, har na facalata, har zaure inda maigida ke zama da baƙi. Muka koma kwana a tsakar gida a kan gadajen kara, in hadari ya taso a kwashi yara a ruga ciki.

Daga nan sai fiya-fiya. Kowa a ƙauye maganinsa ke nan, na sauro, na kyankyaso, na kuɗin cizo, har na wake a buhu. Maigida ya sayo a wata 'yar kwalba marar rubutu, aka gauraya da kalanzir, aka yayyafa a ɗakuna da la'asar, aka ja ƙofa. Da dare ruwa ya sauko, dole muka shiga. Warin yana nan, har ido yana yaji. Cikin dare na ji auta tana wani irin numfashi mai ƙara. Na haska ta, miyau na dalala har ya jiƙa matashi, ta yi amai, jikinta sharkaf da gumi, baƙin idonta ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi. Facalata ta kawo manja a ɗura mata, Inna ta hana. A kan mashin cikin taɓo muka kai ta asibiti.

Ma'aikacin da muka tarar tun kafin mu gama bayani ya shinshina rigarta ya ce a tuɓe ta, a wanke mata jiki da sabulu. Ya yi mata allura, ya sa ruwa, ya zauna a kanta har gari ya waye. Sai da ta farfaɗo ya juyo kan maigida. Ya ce abin da ke cikin kwalbar nan sunansa dichlorvos, maganin ƙwarin gona ne, yana shiga ta fata da ta numfashi, kuma yaro mai rarrafe shi ya fi kowa kusa da daɓen da aka zuba shi. Ya ce tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan unguwa, amma ga shi nan a faifan kowane ɗan koli. Ya kuma ce Allah ya taimake mu da ba a ɗura mata manja ba, don yaron da numfashinsa ya rikice in aka ɗura masa abu yana iya wucewa huhu.

Ƙumar ta yi ɗif. Muka ce ko ba komai an rabu. Ba a rufa mako biyu ba sai ga ta sabuwa fil, ƙanana, masu yunwa.

Ga wani hali na mazan ƙauye da ba zan fasa faɗa ba. Yara sun fi wata suna sosa ƙafa, ba a kira kowa ba. Ɗan akuya ɗaya ya mutu a turke, aka ɗauki waya. Washegari sai ga malamin dabbobi a kan mashin ɗinsa da jakarsa, aka yi masa iso har cikin gida.

Ya kama ɗaya daga cikin 'yan awakin da suka rage, ya buɗe bakinsa ya nuna mana dasashi, fari fat. Ya ce a ba shi farin ƙyalle. Na miƙa masa tsohon ɗankwali, ya shimfiɗa, ya ɗora ɗan akuyar a kai ya cuccuɗa gashinsa. Wani baƙin gari ya zubo. Ya tsoma yatsu a buta ya yayyafa ruwa, muna kallo garin nan ya narke ya koma ja, ya rine ɗankwalin. Ya ce kashin ƙuma ke nan, jinin da ta sha ne ya bushe, kuma rashin jini ne ya kashe wancan. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ina magen gidan?"

Ba wanda ya amsa. Inna ta dubi ɗanta, shi kuma ya dubi ƙasa.

Malamin ya ce irin ta mage ce, amma tana hawa kare da akuya da tunkiya da ɗan maraƙi, in ta rasa su ta ciji mutum. Ya nemi kujera ya zauna, ya yi mana bayanin da a ganina da mun same shi tun farko da auta ba ta kwana a asibiti ba. Ya ce wadda muke gani tana tsalle ba ta wuce biyar cikin ɗari ba. Sauran duk suna ƙasa. Macen tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana a jikin dabba, farare, kamar rabin milimita, ba sa mannewa, duk inda dabbar ta kwanta ko ta girgiza sai su zube. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe tsutsotsi masu gudun haske, su shige tsagar daɓe da ƙarƙashin tabarma, abincinsu wannan baƙin garin da ya nuna mana. Daga nan kowace ta saƙa wa kanta kwanso mai danƙo, ƙura ta lulluɓe shi, ko ka gani sai ka ce ƙasa ce. A cikin kwanson nan magani ba ya kai mata, kuma tana iya zaman watanni ba ci ba sha, tana jiran ta ji takun ƙafa, ko ɗumin jiki, ko numfashi.

Ya dubi Inna ya ce, "Inna, ɗakin da kuka rufe, tara muku su kuka yi. Suna jin an shigo suka fashe gaba ɗaya. Fiya-fiya kuma manyan ya kashe, na cikin kwanso ko a jikinsu."

Sai ya tambaye ni, "Malama, in kun yi shara ina kuke zubarwa?"

Na nuna masa jujin da ke kusurwa, dab da turken awaki, inda muke tara taki kafin a kai gona. Ya yi dariya ya ce to da tsintsiya aka kai wa awakin. Wato sharar da muke taƙama da ita ita ce ta kwashe ƙwai daga ɗaki ta kai su inuwa mai danshi, kusa da jini.

Awakin ya haɗa musu ruwan wanka da kansa, da awo, ya ce a maimaita yadda ya rubuta. Ya ja kunnenmu da kyau cewa wannan ruwan kada ya taɓa mage. Magungunan kaska da ƙuma na shanu da awaki da karnuka, musamman mai permethrin, hantar mage ba ta iya sarrafa su, sai ta kama karkarwa da farfaɗiya ta mutu. Haka kalanzir da baƙin mai da wasu ke shafa mata, tunda mage lashe jikinta take yi. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne da ya ce a dawo da mage gidan. Ya ce akwai magani mai suna fipronil, ɗan ruwa ne a ƙaramin bututu, ana buɗe gashin ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa a ɗiga a kan fata, sau ɗaya a wata, ga magen da ta wuce mako takwas. Duk ƙumar da ta hau ta, kwana ɗaya zuwa biyu ta mutu kafin ta cika gida da ƙwai. Ya ce mage mai magani a jiki ta fi kowace kwalba aiki, don ita ƙumar da ƙafarta take zuwa.

Inna da kanta ta je wurin maƙwabciyar ta roƙo 'yar magen. Maganin babu shi a kusa, sai da aka ba direban motar Kano sautu ya sayo a shagon magungunan dabbobi. Kafin ya iso ni na yi mata wanka da ruwan ɗumi da sabulu. Malamin ya ce a fara zagaye wuya da kumfa, don in ba haka ba duk sai su gudo kai su shige kunne da ido. Ruwan bahon ya koma ja-ja. Na tsane ta da tsumma a rana, na bi ta da matajin ƙwarƙwata ina tsomawa a ruwan omo. Tabon farcenta yana nan a hannuna.

Sauran aikin namu ne, mu mata, kuma babu wani abin burgewa a ciki. Komai na ɗaki ya fito: gado, kwallaye, akwatuna, tabarmi, ledar ƙasa da muka ɗaga muka tarar da ƙarƙashinta damshi da baƙin gari. Zannuwan gado da tsummokara muka tafasa ruwa a tukunyar biki muka zuba musu. Tsofaffin tabarmin kaba da suka riga suka zube aka ƙone. Kullum a share ɗaki lungu-lungu, a bi gindin bango da tsinken tsintsiya, a kwashe sharar a faranti a juye cikin murhu tana ci. Jujin nan maza suka kwashe shi a amalanke zuwa gona, aka ƙone karan da awaki ke kwana a kai, aka matsar da turken inda rana ke duka. Ɗakunan kuma aka bar su a buɗe, ana shiga ana fita da gangan, yara manya su shiga su yi tsalle-tsalle su fito a kakkaɓe su, don na cikin kwanso su fito su ƙare. Wannan ya fi komai wuya a zuciya, ka san abin yana ciki kuma a ce ka shiga ka tashe shi.

Kan buzun Malam aka so a sake rikici. Nan ne cibiyar abin, kowa ya sani, ƙanin maigida ya ce a ƙone. Inna ta ce sai dai a haɗa da ita. Malamin dabbobi da aka kira a waya ya ce ba sai an ƙone ba, tsutsar ƙuma ba ta jure zafin da ya wuce digiri 35, a ɗora shi a kan kwanon rufi. Lokacin damina ta ja baya, ranar Oktoba kuwa kowa ya san ta. Kullum da hantsi a jefa shi kan kwano, da yamma a sauko da shi a bubbuge da sanda, Inna ta zauna ta taje gashinsa da hannunta. Buzun yana nan, yanzu a rataye yake a ƙusa.

Inna ta kawo nata na gargajiya, toka da ganyen darbejiya. Tokar na ga amfaninta, don ta tsotse danshin daɓe, muna barbaɗawa da dare mu share da safe. Ganyen dai ɗakin ya yi ɗacin wari, ƙuma kuma na gan ta tana tsalle a kansa. Da aka sayar da shinkafar da ruwa ya bari, maigida ya sayo siminti aka shafe ɗakin Inna da nawa, tsagogin nan duk suka toshe.

Da dare nakan ajiye farantin silba da ruwa da ɗan omo a tsakiyar ɗaki, in jingina fitilar sola tana haska shi. Suna tsalle wajen hasken su faɗa, omo ya hana su tasowa. Wannan ba ya ƙarar da su, ma'auni ne kawai. A farko da safe ruwan baƙi yake wayewa. Aka koma ana iya ƙirgawa. Akwai makon da suka ƙaru har facalata ta ce aikin banza muke yi, a sake sayo kwalba, maigida ya ce duk wanda ya shigo masa da ita gida sai ya bar gidan. Da hunturu ya busa, leɓe ya fara tsagewa, sai farantin ya riƙa kwana fari tas. Malamin dama ya ce tsutsar ba ta rayuwa in danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, shi ya sa ƙuma a wajenmu ciwon damina ce. Ya kuma ba magen maganin tsutsar ciki, don ƙuma tana ɗauke da 'ya'yan wata tsutsa a cikinta, mage ta haɗiye ta wajen lasa, yaro mai rarrafe ma yana iya haɗiya.

A watannin da gidan ya zauna babu babbar mage, ɓeraye sun huda buhu sun yi ɓarnar da sai da aka sake sheƙe shinkafar aka canza buhuna. Inna ba ta ce komai ba, ta dai sa aka kira ɗanta ya tsaya a kai har aka gama. Ta daɗe tana amsa gaisuwarsa da "lafiya" kawai. Da dattawa suka sa baki ta haƙura, amma da sharaɗi: kuɗin maganin ƙeyar mage daga aljihunsa zai riƙa fita. Yanzu da an yi ruwan farko nake tare shi a zaure in ce, "Ranka ya daɗe, wata ya kama." Ya ce, "Matar Yaya, ke ba kya mantuwa ne?" Ya laluba aljihu ya ba direba sautu.